Shirin Musamman: Ruɓewar da Fenti ke Rufewa

 Yau shirin namu zai leƙa gidajen Amurka da Kanada, inda akasarin gini na katako ne. A can mai gida kan yi ɗaki mai bangon gilashi don shan hantsi lokacin sanyi, ya kuma manna masa dandamalin katako daga waje, nan iyali ke gasa nama da bazara. To, wannan dandamali shi ne ke ruɓewa, kuma yakan fara ne daga inda ido ba ya kaiwa.

Akwai wani dogon katako da ake ɗaurewa a jikin bangon ɗakin, shi ke ɗauke da gefe guda na dandamalin. Ruwan sama da narkakkiyar dusar ƙanƙara suna gangarowa daga rufi da gilashi, su sauka daidai kansa. In ba a naɗe shi da siririn kwano mai kore ruwa ba, sai laima ta shige tsakaninsa da bango ta kwanta. Da zarar danshin katako ya wuce kashi 20 cikin 100, ƙwayoyin ruɓa sun sami wurin zama. Sama fenti yana ƙyalli, ƙasa kuwa ka danna da yatsa ya lotse kamar jiƙaƙƙen burodi.

Shi ya sa kafintan kirki ba ya farawa da goga da fenti. Rarrafawa yake yi ƙarƙashi da tocila da sukundireba, yana caka kan kowane katako da gindin kowane ginshiƙi. Inda ƙarfen ya nutse ba gardama, wannan ya tashi daga aiki. Sai ya tokare dandamalin da jak, ya ɓamɓare allunan da ke kusa da ƙofa, ya cire ruɓaɓɓen gaba ɗaya. Ya kuma duba katakon gindin shi kansa ɗakin, don sau da yawa ruɓewar ta riga ta ratsa can. Sabon katakon da manyan ƙusoshi masu noti ake ɗaure shi, ƙananan ƙusoshi zamewa suke yi idan nauyi ya hau. Ginshiƙai kuma a ɗora su kan ƙarfe bisa kankare, kada su taɓa ƙasa.

Wani abu da masu gyara da kansu ke mantawa: tun ƙarshen 2003 aka daina sarrafa katakon gidaje a Amurka da magani mai arsenik. Wanda ya maye gurbinsa jan ƙarfe ya yi masa yawa, yana cin ƙusar da ba a lulluɓe ta da zinki mai kauri ba.

Wallahi maganar nan ta rai ce. A watan Yunin 2015, wata baranda ta rufta a Berkeley ta jihar Kalifoniya, mutum 6 suka mutu, yawancinsu ɗalibai 'yan ƙasar Ayalan. Bincike ya nuna ruwa ne ya ruɓar da katakon da ke riƙe da ita. A 2018 jihar ta yi dokar tilasta duba irin waɗannan barandoji a gidajen haya masu sassa 3 zuwa sama.

'Yan uwa da ke saurarenmu daga can, da mu nan masu rumfar katako da azara a ka, don Allah a ɗauki sukundireba a caka kafin ruwa ya sauka. Inda aka ji laushi, a kira kafinta, kuma a hana yara hawa har sai an gyara.