Lasisin wa'azi a Neja: wa ke horar da faston ƙauye?

Tun watan Satumba na 2025, da Hukumar Harkokin Addinai ta Jihar Neja ta ce mai wa'azi sai ya nemi lasisi, Gwamna Umaru Bago kuma ya fito a talabijin ya ƙara da cewa a riƙa kawo wa'azi ana dubawa kafin a hau mumbari, ƙurar ba ta lafa ba. Takardar rajistar sunan da'awa ke kanta, shi ya sa aka yi ta musu ko ta shafi Kirista ko ba ta shafe su ba. Wannan musun na bar wa lauyoyi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ke fitowa a teburin mai shayi, daga Kontagora har Sahon Rami, duk lokacin da aka taɓo zancen: wai ai fastanci ba karatu ake yi masa ba, ka sami kwat da lasifika da shagon haya, shi ke nan ka zama. Abin takaici, har cikin majami'a akwai masu faɗin irinta da wata siga, su ce kira ne daga Allah, wanda aka kira kuwa ba ya bukatar allo.

Mai wannan magana bai san tarihin ƙasar da yake zaune ba. A 1905 A. W. Banfield, ɗan Kanada, ya kafa mishan a Tsonga, ƙasar Nufe, daga nan ne ikilisiyar UMCA ta samo tushe. A shekarun 1920 aikin ya hauro arewa, ya kai Salka cikin Kambari da Zuru cikin Dakarkari. Salka ta yi suna da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa, Tungan Magajiya a ƙasar Rijau ma tana da tata, babbar kwalejin tauhidi ta ɗarikar kuma tana Ilorin. Ikilisiyar ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954, tana da makarantu a Igbaja da Kagoro, ga kuma ta Jos da aka buɗe a 1980. 'Yan Baptis na zuwa Kawo a Kaduna, 'yan Angalika suna da St. Francis a Wusasa. Horon Katolika ya fi kowanne tsawo: saurayi kan shafe shekara takwas zuwa tara tsakanin falsafa da tauhidi da aikin gwaji kafin a naɗa shi fada. A ECWA ma gama makaranta ba ya mai da mutum rabaran. Sai ya yi hidima an ga halinsa, ikilisiya ta ba shi lasisinta, daga baya a keɓe shi. Wato kalmar lasisi da ake ta cece-kuce a kai, coci ta daɗe da saninta.

To me ake koyo a waɗannan shekarun? Akwai tarihin ikilisiya, da Ibrananci da Helenanci ga waɗanda suka yi nisa, da yadda ake ɗaura aure da jana'iza da sasanta ma'aurata, har da riƙe littafin baiko don kada kuɗin jama'a ya gauraya da na cefanen gidan fasto. Amma ƙashin bayan karatun abu ɗaya ne, kuma shi ne mafi wuya: kada ka ciro aya daga mazauninta.

A ce yayanka da ke Legas ya aiko da saƙon murya kan rikicin gona. Ya yi bayani mai tsawo, ya ce kada a yarda, sai ranar da wane ya biya sauran kuɗin, sannan a ba shi gonar. Wani ɗan uwa mai son zuciya ya yanke saƙon, ya tura wa dangi gutsuren da ke cewa a ba shi gonar. Muryar yayanka ce, babu ko shakka. Kalmominsa ne, ba a ƙara ko ɗaya ba. Duk da haka ƙarya aka yi masa, kuma wanda bai ji farkon saƙon ba zai iya rantsuwa cewa umarnin ke nan. Haka mai wa'azin da ba a horar ba yake yi wa nassi, sau da yawa ma ba da mugun nufi ba. Ayar nan ta Filibiyawa sura ta 4 da ake rubutawa a bayan motoci, ana yi wa mutane alkawarin arziki da cin jarrabawa da ita, Manzo Bulus yana tsare ya rubuta ta, kuma zancen da yake yi na haƙuri da ƙoshi da yunwa ne. Ta Irmiya sura ta 29 da ake karanta wa duk mai neman biza, wasiƙa ce zuwa ga bayin da aka kwashe zuwa Babila, ana gaya musu su gina gidaje su yi shuka, domin sai sun shekara 70 kafin a dawo da su. Ɗalibi a makaranta ana tilasta masa ya tambayi wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, me ya gabata, me ya biyo baya, kafin ya buɗe baki ya ce ga abin da ayar ke nufi da manomin Mashegu a yau. Wannan ba a gadonsa, ba a kuma saye da kwat.

Sai dai masu zargin ba su rasa hujja gaba ɗaya ba, kuma a nan shugabannin coci ya kamata su sunkuyar da kai. Wanda ya yi digiri a Ilorin ko Jos ba kasafai yake komawa ƙauye ba, babbar majami'ar birni ke ɗauke shi. Wanda ke tsayawa gaban jama'a ran Lahadi a ƙauyukan masarautar Kontagora yawanci mai bishara ne, ko katikis, ko dattijon ikilisiya, mutum mai gonarsa, wanda shi ake tasa da tsakar dare idan haihuwa ta zo da gardama ko 'yan bindiga sun yi ɓarna. Nauyin kiwon yana wuyansa, horon kuma shi ya fi kowa ƙarancin samu. Ga kuma matsalar harshe. Manyan makarantun da Turanci suke koyarwa, littattafan sharhi ma haka. Shi kuwa da Hausa zai yi wa'azi, daga fassarar da asalinta aikin su Dakta Walter Miller ne da ya fito a 1932, ga tsofaffin da wasunsu sun fi jin Kambarci. Aikin fassara zuwa harsunan Kambari da aka yi a Salka ya rage wannan tazara, amma fassara ba ta koya wa mutum shirya wa'azi. Wannan giɓin ne masu coci ta ƙashin kai, waɗanda ba wanda ya horar da su kuma ba wanda ke tsawata musu, suke shigowa ta cikinsa.

Shin lasisin gwamnati zai toshe shi? Kaduna ta riga ta gwada. Gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta kai ƙudurin dokar wa'azi majalisa a 2016, ƙungiyar majami'u ta PFN ta garzaya kotu, a 2019 babbar kotun jihar ta ce tilasta wa fastoci karɓar lasisi ya saɓa wa 'yancin addini da tsarin mulki ya tanada. Ko da ba shari'a, akwai tambayar da ban ji an amsa ba a Minna: wane ma'aikaci ne zai zauna ya karanta wa'azin dubban majami'u da masallatai kowane mako, da waɗanne harsuna, kuma da wane ilimi zai gane an yanke aya? Abin da jami'i zai iya kamawa shi ne zagi da tunzura jama'a, waɗannan kuwa da dokarsu tun tuni, aiwatarwa ce ake yi wa riƙon sakainar kashi.

Abin da mai bishara na Sahon Rami ke bukata bai kai tsadar taron shekara-shekara da ake yi wa anko ba: bita ta mako ɗaya ko biyu da Hausa, bayan an gama girbi kafin ruwa ya sauka, a wurin da kuɗin mota ba zai gagare shi ba, da malamin da zai saurari wa'azinsa ya gyara masa, da littafin sharhi ko guda ɗaya da harshen da yake karantawa. Makarantun da za su iya wannan suna nan kusa, a Salka da Tungan Magajiya. Saura ɗarikun su ware masa kaso a kasafin kuɗinsu.