KILAF: Yabo kaɗai ba zai cika kasuwar fim ba

A zamanin kaset, Ƙofar Wambai ce mahaɗar 'yan fim. Idan fim bai yi ba, diloli za su gaya wa furodusa ido da ido, dole ya gyara na gaba. Yanzu harkar ta koma YouTube.

A 2018 Malam Abdulkarim Mohammed na Moving Image ya fara KILAF a Kano, kasuwar baje-kolin finafinan harsunan Afrika. Madalla! Amma matashin da ke ɗaukar fim da waya a Yalwan Damai ko Gwaram fa, yaushe sanarwa za ta kai masa? In ya biya kuɗin mota ya zo, wa zai haɗa shi da furodusa? A gaban masu shirya taron ya kamata mahalarta su yi wannan ƙorafin, ba a majalisa bayan an watse ba.