Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

A yawancin asibitocinmu, idan aka kawo mai lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, ba shi ake tambaya ba. Likita zai dubi uwa ko yayansa ya ce, "Me ke damunsa?" alhali ga mai ciwon nan zaune, wani ma da gemunsa.

Daga nan matsalar take farawa. Da yawa daga cikin masu lalurar ba sa nuna ciwo yadda muka saba gani. Ciwon haƙori, ko na kunne, ko taurin ciki, kan fito a matsayin ihu, ko buga kai da bango, ko ƙin abinci. Sai a ce ai lalurar ce ta motsa, a ba shi maganin kwantar da hankali, haƙorin kuwa yana nan yana ci. A gida ma wasu sun riga sun yanke cewa iska ce, an zaga wurin masu ruƙiyya da gidajen addu'a. Ga farfaɗiya, wadda ta fi yawa a cikinsu fiye da sauran jama'a, kuma tana da magani.

Ɗauki Jos a misali: ba ta rasa komai ba. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, ga asibitin Jankwano, ga sashen ilimi na musamman a jami'ar, ga makarantar Open Doors da Farfesa Joanne Umolu ta buɗe a 1999. Filato ta yi dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman tun 2005, tarayya kuwa sai a Janairun 2019 aka sa wa tata hannu. Amma duk wannan a cikin birni yake. Mutumin Wase ko Shendam sai ya yi kuɗin mota tukuna, ya kwana a Jos, sannan ya shiga layin kati da ɗan da hayaniya da hasken fitila ke gigitawa. Kafin a kira sunansa ya riga ya birkice, ma'aikata kuma su ce ba ya ba da haɗin kai.

A Amurka masu lalurar da kansu suka gaji da a riƙa ari bakinsu ana ci musu albasa. Jim Sinclair da abokansa suka kafa ƙungiyarsu a 1992, Ari Ne'eman ya biyo da wata a 2006, kuma masu lalurar ne ke jagorancinsu, ba iyaye ko likitoci ba. A nan har yanzu iyaye mata ne ke ɗauke da maganar, kuma Allah ya saka musu, sai dai uwa ba ta jin abin da ke cikin jikin ɗanta.

Abin da masu lalurar ke nema bai kai kuɗin injin hoto ba. A tambaye su kai tsaye, a jira amsa ko da ta yi jinkiri. Wanda ba ya magana a ba shi takarda, ko hoto, ko waya ya nuna. A faɗa masa za a taɓa shi kafin a taɓa. In layi ya yi tsawo, a bar shi ya jira a waje, a leƙo a kira shi.