Golf ɗin faifai da kuskuren sabon shiga

Duk wanda ya ci karo da bidiyon a waya, inda ake ganin ƙato yana wurga faifan roba cikin wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, ɗayan biyu yake faɗa: ko ya ce wasan yara ne, ko kuma da jin kalmar golf ya ce ai harkar masu hannu da shuni ce. Na biyun nan ya fi ba ni haushi.

A jihar Kalifoniya ta Amurka aka kafa filin wasan na dindindin na farko, a dandalin Oak Grove kusa da Pasadena, a 1975. Ed Headrick, tsohon ma'aikacin kamfanin Wham-O mai yin faifan Frisbee, shi ya ƙirƙiro kwandon da sarƙoƙinsa ke cafke faifai, kuma a 1976 ya kafa ƙungiyar ƙwararrun wasan, PDGA. Dokar ba ta da wuya. Ka tsaya a mafari ka yi jifa, inda faifan ya faɗi nan za ka sake tsayawa, har ya shiga kwando. Kwanduna 9 ne ko 18, wanda ya gama da mafi ƙarancin jifa shi ya ci. Yawancin filayen suna cikin wuraren shaƙatawa na jama'a kuma ba a biyan ko sisi, shi ya sa wasan ya bunƙasa a 2020 lokacin kullen korona, da mutane ke neman abin yi a sarari. Gaskiya ne ƙwararren ɗan wasa Paul McBeth ya sa hannu kan yarjejeniyar dala miliyan 10 da kamfanin Discraft a 2021, amma mai farawa faifai guda ya ishe shi.

To wane faifai? Nan ake yin ɓatan kai. A jikin mafi yawansu akwai lambobi huɗu: gudu, daɗewa a iska, karkata dama a farkon tafiya, da faɗawa hagu a ƙarshenta, ga wanda ya yi jifa da bayan hannun dama. Sabon shiga sai idonsa ya faɗa kan lambar farko, ya ga 12 ko 13, ya ce wannan ne zai yi nisa. Ya tattara ƙarfinsa ya wurga, faifan ya yi 'yan mitoci ya kife hagu cikin ciyawa. Sai ya zargi hannunsa.

Lambar nan ba alkawarin nisa ba ce, tana gaya maka irin gudun da faifan ke buƙata kafin ya tashi yadda aka ƙera shi. Ka tuna katantanwa: muddin tana juyi da ƙarfi tana nan tsaye, kuma in ka taɓa ta ba ta faɗi inda ka tura ta, sai ta goce gefe. Haka faifan yake. Juyinsa ke hana shi tuntsurawa. Da gudunsa ya ragu, iska takan fi tura bakinsa na gaba zuwa sama, shi kuwa saboda yana juyi, maimakon ya ɗaga kai sai ya kwanta gefen hagu. Faifai mai faɗin baki an yi shi ne don hannun da ya ƙware. A hannun ɗan koyo, tun daga sakinsa yana cikin wannan hali na raguwar gudu.

Abin da ya kamata shi ne mai lamba 2 zuwa 5, mai kaurin baki, marar nauyi sosai, kamar giram 150 zuwa 165. A sake shi a kwance daidai ƙirji, kar a ɗaga hancinsa, a bar ƙugu ya ja kafaɗa, kafaɗa ta ja hannu.

Finlan, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba, tana cikin ƙasashen da suka fi yawan filayen wasan, galibi don ƙananan hukumomi sun bar dazuzzukan gari ga jama'a sun kafa kwanduna. Kwando da faifai ba su fi ƙarfin kowa ba. Filin ne abin nema, domin a wurinmu da zarar an ga fili babu gini, sai a yanka shi shaguna.