Totur: Tsakanin Wayar Ƙarfe da Ƙwaƙwalwar Lantarki

A garejin kanikawa na Makarfi ko Ikara ko Hunkuyi, ba a rasa matashin da ke mafarkin ƙera motar tsere ta kansa daga injin tsohon babur da bututun ƙarfe. Walda ba ta gagare shi ba, tayoyi kuwa akwai su a kasuwa. Amma akwai wata tambaya da ke jiran duk mai wannan buri: ta wace hanya umarnin ƙafar direba zai isa ga injin? Amsoshin guda biyu ne, kuma rayuwar direban tana iya rataya a kan wadda aka zaɓa.

Da farko ya kamata a san aikin totur. Direbobi kan ce "ba ta wuta", sai mutum ya zaci mai ake ƙarawa. A injin fetur, iska totur yake sarrafawa. A cikin maƙogwaron injin akwai wani faifan ƙarfe mai juyawa a kan sanda, kamar ƙyauren ɗaki. In ya buɗe, iska ta kwarara, sai kafireta ko na'urar fesa mai ta haɗa ta da fetur daidai gwargwado, wato kimanin awo 14.7 na iska ga awo ɗaya na fetur, bisa nauyi. Tsofaffin manyan motocin da ke ɗaukar rake daga Makarfi ba su cikin wannan bayani, domin injin gas mansa ake ƙayyadewa kai tsaye.

Tsohuwar hanya ita ce wayar ƙarfe mai gudu a cikin kube. Direba ya taka, waya ta ja faifai. Ya ɗaga ƙafa, sifirin ya mayar da shi. Ita ce a jikin yawancin baburan acaɓa, ita ce kuma a jikin Peugeot 504 wadda kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗawa a 1975. A wannan shekarar ce Ove Andersson, mutumin Suwidin, ya lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka da irin wannan mota, cikin ƙura da taɓo. Saboda haka kada a raina waya. Ba ta bukatar batir, ana ganin lalacewarta da ido, kuma in ta tsinke yaron gareji ma zai sauya ta.

Sabuwar hanya ta raba ƙafa da faifai baki ɗaya. A ƙarƙashin abin takawa akwai na'urar auna motsi, wadda ke mayar da nisan takun zuwa ƙarfin lantarki, yawanci tsakanin rabin bolt da bolt huɗu da rabi. Saƙon ya tafi ga kwamfutar injin, wadda ake kira ƙwaƙwalwar mota. Ita kuma ta duba saurin juyawar injin da zafinsa da gudun tayoyi, sannan ta umarci wani ɗan injin lantarki ya buɗe faifan. Ke nan direba roƙo yake yi, kwamfuta ke yanke hukunci. Kamfanin BMW na Jamus ya sa wannan tsari a motarsa 750i a 1987, ƙungiyar McLaren ta kai shi gasar Formula 1 a 1992, Yamaha kuma ta sa shi a babur ɗinta R6 a 2006.

Abin da ya ja hankalin masu tsere shi ne riƙon taya. Idan direba ya fito daga kwana ya taka totur da ƙarfi, tayoyin baya kan yi ta juyawa a banza, motar ta kauce. Kwamfuta tana iya gane haka cikin ɗan ƙanƙanin ɓangare na sakan, ta rage ƙarfin injin kafin direba ya ankara. Wannan dabara ta jawo doguwar muhawara, domin an ga kamar na'ura ce ke tsere a madadin mutum. Hukumar FIA ta haramta ta a 1994, ta halatta ta a 2001 saboda ta kasa kama masu ɓoye ta a cikin manhajar kwamfuta, sannan ta sake haramta ta a 2008 bayan ta tilasta wa kowace ƙungiya amfani da kwamfuta iri ɗaya.

Sai dai kuma ga mai ƙera mota a gida, tambayar da ta fi gudu muhimmanci ita ce: me zai faru ranar da abin ya lalace? Wayar ƙarfe in ta tsinke, faifai ya rufe, mota ta tsaya, ba wata asara. Haɗarinta shi ne maƙalewa: silin waya ya warware a cikin kube, ko ƙurar hunturu ta cakuɗe da maiko, faifai ya tsaya a buɗe alhali direba ya ɗaga ƙafa. Na lantarki kuwa lalacewarsa ba ta ganuwa. Waya siririya ta goge, ko ruwa ya shiga mahaɗi, sai kwamfuta ta sami saƙon ƙarya.

Dokokin gasar Formula SAE, wadda aka fara a Amurka a 1981, inda ɗaliban jami'a ke ƙera ƙananan motocin tsere da hannunsu, sun yi wa kowane ɓangare tanadi. Mai amfani da waya dole ya sa sifirin biyu aƙalla, domin in ɗaya ya karye ɗayan ya rufe faifan. Mai amfani da lantarki dole ya sa na'urorin auna taku guda biyu masu zaman kansu. Idan shaidarsu ta saɓa da fiye da kashi 10 cikin 100 na tsawon takun, kuma saɓanin ya wuce kashi ɗaya bisa goma na sakan, wajibi ne a yanke wutar ɗan injin da ke buɗe faifan, sifirin ya mayar da shi. Hikimar a bayyane take: na'ura ɗaya in ta yi ƙarya ba mai kama ta, amma da wuya biyu su yi ƙarya iri ɗaya a lokaci guda.

Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga wannan damuwa ba. Tsakanin 2009 da 2010 kamfanin Toyota ya janye miliyoyin motoci bayan koke-koken cewa suna ƙara gudu da kansu. Binciken da injiniyoyin NASA suka yi, wanda aka bayyana a 2011, bai sami laifi a ɓangaren lantarki ba. An ɗora alhakin a kan shimfiɗar ƙafa da ke danne totur da kuma abin takawa mai maƙalewa. Duk da haka, a 2013 wata kotu a jihar Oklahoma ta kama kamfanin da laifi bayan ta saurari ƙwararru a kan manhajar motar.

Ga ɗalibin kwalejin fasaha ko bakanike a wannan yanki, waya ta fi dacewa da motar farko, da sifirin biyu da maɓallin kashe injin kusa da hannun direba. Totur na lantarki da aka ciro daga motar gwanjo ba ya aiki shi kaɗai. Yana neman kwamfutarsa, da batir mai ƙarfi, da na'urar bincike da za ta koya masa inda faifai ke rufewa. Kanikawan da ke wanke maƙogwaron Camry sun san yadda injin kan riƙa hawa da sauka daga baya in ba a yi wannan saiti ba. Amma bai kamata a guje shi ba. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, waɗanda suka ƙera motocin ABUCAR domin gasar tsimin mai ta Shell Eco-marathon, sun nuna cewa irin wannan aiki ba ya gagarar 'yan ƙasa. Wurin koyonsa shi ne kan teburin ɗakin gwaji, ba kan hanya ba: tsohon maƙogwaron injin, da batir, da mitar auna lantarki sun isa malamin fizis ya nuna wa ajinsa yadda saƙonni biyu ke tafiya tare, da kuma abin da faifan ke yi idan aka zare waya ɗaya.