Yadda ake kwashe tarihin tsohuwar manhaja a kai shi sabon gida

Idan ka taɓa rubuta kundin digiri, ka san wannan ciwon kan: fayil ɗaya sunansa "babi na uku", wani "babi na uku gyararre", wani kuma "babi na uku na ƙarshe wallahi". Bayan wata biyu kai kanka ba za ka iya faɗin wanda malaminka ya duba ba. To ka ƙaddara mutum ɗaruruwa ne ke rubuta abu guda, tsawon shekara talatin.

Masu rubuta manhaja sun daɗe da samo wa abin magani. Suna da wata manhaja ta daban da aikinta kawai riƙe tarihin gyare-gyare. Duk wanda ya gama gyaransa sai ya zuba shi cikin rumbu, tare da sunansa, da lokaci, da ɗan bayanin dalilin gyaran. Bari mu kira wannan zubi, kamar na adashi. Matsalar ita ce su ma rumbunan suna tsufa. An yi yayin CVS, Subversion ta zo ta ture ta, yau kuma kusan kowa Git yake amfani da ita. Aikin da ya daɗe a duniya dole wata rana ya yi ƙaura.

Kwashe fayilolin yau ba wani aiki ba ne, minti kaɗan an gama. Tarihin ne wahalar. Kuma ba don marmari ake riƙe shi ba. Idan aka gano ɓaraka a wani layi da aka rubuta shekara ashirin baya, abin da mai gyara zai fara tambaya shi ne wa ya sa layin nan, me ya gani ya sa shi? In amsar ta ɓace, yana iya cire abin da ke tare wata babbar matsala bai sani ba. Akwai kuma batun haƙƙi: in an tashi sauya lasisin manhaja, sai an san wanda ya rubuta kowane ɓangare.

Ɗauki GCC, manhajar da ke juya rubutun mai shirya manhaja zuwa harshen da kwamfuta ke ganewa. Richard Stallman ya fara fitar da ita a 1987. Ta zauna a CVS, ta koma Subversion a 2005, sannan ta shiga Git a watan Janairun 2020, ɗauke da zubi wajen 280,000 bisa lissafin Subversion. An shafe shekaru ana shirin wannan ƙaura ta ƙarshe. Eric Raymond, wanda ya rubuta reposurgeon, manhajar da aka yi aikin da ita, sai da ya sake rubuta ta daga harshen Python zuwa Go saboda nauyin tarihin ya fi ƙarfinta.

Me ya sa abin ke da wuya haka? Kowane rumbu da yadda yake fahimtar tarihi. CVS kamar mai shago ce da ya ware wa kowane mai bashi shafinsa, ba shi da littafin cinikin rana. Kowane fayil da nasa tarihin. In ka gyara fayil goma a zama ɗaya, CVS ba ta san gyara ɗaya ba ne. Git kuwa zubin take so dunƙule. Don haka manhajar ƙaura sai ta yi kirdado: ga gyare-gyare masu suna ɗaya, bayani iri ɗaya, 'yan mintuna a tsakaninsu, wataƙila zubi ɗaya ne. Galibi tana dacewa. Amma in agogon wata kwamfuta ya yi kuskure a wancan zamanin, sai ka ga ɗa ya riga ubansa zuwa duniya. Kuma kuskuren da aka yi a ƙaurar farko yana nan kwance, yana jiran masu ƙaura ta biyu.

Sai sunaye, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci, domin nan ne ake iya zaluntar mutum. Subversion gajeren laƙabin wanda ya yi zubin kawai take riƙewa. Git tana son cikakken suna da adireshin imel, kuma tana bambanta wanda ya rubuta gyara da wanda ya shigar da shi. A aiki irin GCC, sau da yawa wani ne zai aiko da gyaransa, mai izini ya zuba masa. In aka kwashe a makance, sunan mai izinin ne zai hau kan gumin wani. Abin da ya taimaka shi ne al'adar aikin ta rubuta sunan marubuci a fayilolin ChangeLog. Daga nan aka tono sunaye aka mayar wa masu su.

Kuma ba a cika samun damar gyara daga baya ba. A Git, lambar shaidar kowane zubi ana lissafo ta ne daga abin da ke cikinsa haɗe da lambar zubin da ya gabace shi, kamar salsala. Ka taɓa harafi ɗaya a sunan kaka, lambobin jikoki duka sun sauya, kwafin da ke hannun kowa ya daina dacewa da na rumbu. Shi ya sa ake ta maimaita ƙaurar a gwaji kafin a yi ta gaske.

Ba kowa ke ɗaukar wannan wahala ba. Da Linus Torvalds ya kai Linux cikin Git a watan Afrilun 2005, bayan rabuwa da BitKeeper, fayilolin ranar kawai ya zuba. Ya bayyana cewa tsohon tarihin yana hannunsa, amma girmansa ya kai gigabait 3.2, zai yi wa sabon rumbu nauyi. Mai neman abin da ya faru kafin nan sai ya leƙa wani rumbu na daban.

Mutanen GCC ba su yarda da wannan yankewar ba. Akwai ma wani ƙaramin abu da suka kula da shi. Subversion na ƙirga zubi da lamba a jere, kuma dubban tsofaffin wasiƙu da rahotannin ɓaraka da waɗannan lambobi suke nuni. Git ba ta san su ba. Sai aka liƙa wa tsofaffin zubin layi guda a ƙarshen bayaninsu, mai ɗauke da lambarsu ta dā. In ka ci karo da lamba a wasiƙar 2008, ka neme ta a Git ɗin GCC na yau, za ta kai ka kan gyaran da ake magana.