Shekara 16 a Kanada: Ka zauna gida da hokin yara, ko ka bi motar 'yan juniya?

A Kanada, yaro mai shekara 15 ko 16, wato sa'an ɗan ajin SS1 a nan, yana iya tashi wata safiya a watannin bazara ya ga sunansa a intanet, wai wata ƙungiyar hoki a garin da bai taɓa takawa ba ta zaɓe shi. Daga ranar, gidansu ya shiga shawara. Ya tafi ne, ya bar iyayensa da makarantarsa da abokansa? Ko ya ƙara shekara ɗaya a ƙungiyar unguwa, yana kwana a ɗakinsa?

Kafin mu je ga amsa, bari mu san wasan. Wannan hokin daban yake da wanda ake bugawa a kan ciyawa da ƙaramar ƙwallo. A kan daskararriyar ƙanƙara ake yin sa, 'yan wasa na sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi da gudu suna tura wani ɗan baƙin faifan roba da sanda. Kowane ɓangare mutum 6 ne a fili har da mai tsaron raga. Zubi uku ake yi, kowanne minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya wuce kamar minti ɗaya a fili sai ya fito wani ya shiga, ya huta ya sake komawa. Ku riƙe wannan batu na shiga da fita, domin a kansa rabin shawarar take.

Babbar gasar duniya a wannan wasa ita ce NHL, mai ƙungiyoyi 32 a Amurka da Kanada. Kowace shekara ƙungiyoyin na zaɓen sababbin 'yan wasa da suka kai shekara 18, zagaye 7, wato kimanin mutum 224 daga duk faɗin duniya. Yaran da ke mafarkin shiga cikinsu kuwa dubbai ne.

Hanyar zuwa can hawa biyu ce. Na farko shi ne hokin yara, inda ake raba 'yan wasa bisa shekaru: 'yan ƙasa da 13, ƙasa da 15, ƙasa da 18. A nan kana bugawa da sa'anninka, kana zaune gaban iyayenka, amma su ke biyan komai. A matakin da ya fi ƙarfi, wanda suke kira AAA, kuɗin rajista da kayan wasa da tafiye-tafiye na cin dubban daloli a shekara. Hawa na biyu shi ne hokin juniya, na 'yan shekara 16 zuwa 20. Mafi girma a cikinsa shi ne CHL, uwar gasanni uku: OHL a yankin Ontario, WHL a yammacin ƙasar, da QMJHL a Quebec da lardunan gabar teku. Ƙungiyoyinsu sun kai 60, wasu ma a cikin Amurka suke, kuma zakarunsu na haɗuwa su yi takarar kofin Memorial, wanda aka fara bayarwa tun 1919. Amurka ma tana da tata babbar gasar juniya, USHL.

A ido, zaɓin kamar ba shi da wuya. A juniya ƙungiya ce ke sayen sanduna da takalma, ta biya wurin kwana da abinci, ta ba ka ɗan kuɗin kashewa. Ana buga wasa fiye da 60 a kaka ɗaya gaban dubban 'yan kallo, masu farautar 'yan wasa na NHL na zaune a sama suna rubutu. Wane yaro ne zai ce a'a?

Sai dai akwai abin da hoton jarida ba ya nunawa. Ɗan shekara 16 da ya shiga juniya zai yi karo da samari 'yan 19 da 20, waɗanda ƙashinsu ya gama ƙwari, a wasan da doka ta yarda ka banke abokin karawarka da kafaɗa ka haɗa shi da katanga. Kuma kocin ƙungiyar juniya ba malamin makaranta ba ne. Aikinsa ya ci wasa, in bai ci ba a kore shi. Don haka idan wasa ya yi zafi, manyan yake turawa. Yaron da a bara shi ne tauraron ƙungiyarsu, yana buga minti 20 a kowane wasa, ana ba shi dama a lokutan da suka fi tsauri, bana sai ya tsinci kansa a layi na huɗu, yana shiga na 'yan mintuna, wani daren ma a ce ya sa kwat ya zauna cikin 'yan kallo. Da zama a benci ba a koyon sarrafa sanda. Abokinsa da ya zauna a gasar 'yan ƙasa da 18, wanda aka riƙa yi wa kallon an bar shi a baya, yana can yana taɓa faifai sau ɗari a mako.

Wannan shi ya sa masu ba da shawara na gaskiya ba sa fara tambayar sunan gasar. Tambayarsu ta farko ita ce: minti nawa za ka buga? Kocin ya faɗa maka a fili inda zai sa ka, ko kuwa daɗin baki kawai ya yi wa babanka?

Tabbas akwai waɗanda hokin yara ya yi musu kaɗan. Dokar hokin Kanada ta ba da wata ƙofa ta musamman ga yaron da ya yi zarra, a bar shi ya shiga CHL yana ɗan shekara 15. John Tavares ne ya fara samun wannan izini a 2005. Connor McDavid ya samu a 2012, ya bar gidansu kusa da Toronto ya koma garin Erie a Amurka, kuma a 2015 shi aka fara zaɓa a NHL. Connor Bedard ya samu a 2020, shi ma shi aka fara zaɓa a 2023. Amma izinin ba tabbacin komai ba ne. Sean Day ya samu irinsa a 2013, shekara guda bayan McDavid, ana ta zuzuta shi, sai ga shi a 2016 ba a zaɓe shi ba sai a zagaye na uku, kuma bai samu gindin zama a NHL ba.

Ku kwatanta shi da Cale Makar, ɗan garin Calgary. Lokacin da ƙungiyoyin WHL ke zaɓen yara a 2013, sai a zagaye na takwas aka kira sunansa, domin ƙaramin jiki gare shi. Bai je WHL ɗin ba. Ya ci gaba da hokin yara a garinsu, daga baya ya shiga Brooks Bandits, ƙungiyar ƙaramar gasar juniya a lardin Alberta, inda yake buga wasa son ransa. A 2017 ƙungiyar Colorado ta ɗauke shi a matsayi na 4 a duk duniya. Ko a lokacin bai yi gaggawa ba, ya tafi Jami'ar Massachusetts ya yi shekara biyu yana karatu yana wasa. A 2022 ya ci kofin Stanley, babban kofin NHL, aka kuma zaɓe shi gwarzon wasannin ƙarshe. A ganina labarin Makar ya fi na McDavid amfani ga yawancin yara, domin irin McDavid sai a shekara goma ba a ga ɗaya ba, amma yaron da jikinsa bai gama girma ba a shekara 15 yana cikin kowane aji.

Sidney Crosby ma, wanda tun yana ƙarami aka san zai yi fice, ya bi wata hanya ta tsakiya. Yana ɗan 15 ya tafi makarantar kwana ta Shattuck-St. Mary's a jihar Minnesota, inda ake haɗa karatu da hoki, ya yi shekara ɗaya, sannan ya shiga juniya a garin Rimouski da ake magana da Faransanci.

Bayan batun minti, sai batun gida. Ɗan juniya ba a ɗakin kwanan ɗalibai yake zama ba. Ƙungiya na nemo wani iyali a garin su riƙe shi, ya ci abin da suka ci, ya bi dokar gidansu, ya shiga makarantar sakandaren garin. Mu da muka san riƙo ba sai an yi mana dogon bayani ba: wani ya dace da mutanen kirki da za su zame masa iyaye har abada, wani kuma ya yi ta ƙirga kwanaki. Ƙari a kan haka, ƙungiya na iya musayarsa da wani ɗan wasa a tsakiyar zangon karatu. Yau kana wannan gari, jibi kana wani mai nisan ɗaruruwan kilomita, sabon gida, sabon malamin lissafi.

Tafiye-tafiyen kuma a doguwar mota ake yin su, cikin dare da sanyi. A WHL ƙungiyoyi sun bazu daga lardin Manitoba har jihar Oregon ta Amurka, ana kwana a hanya, aikin gida na makaranta a kan cinya ake yin sa. Mutanen Kanada ba za su manta ranar 6 ga Afrilu, 2018 ba, lokacin da wata babbar motar kaya ta yi karo da motar ƙungiyar juniya ta Humboldt Broncos a lardin Saskatchewan suna hanyar zuwa wasa. Mutum 16 suka rasu, yawancinsu matasan 'yan wasa.

Akwai kuma abin da ke faruwa tsakanin yaran kansu idan babu babba a kusa. A nan labarin ya taɓo Najeriya. Akim Aliu an haife shi a Okene ta Jihar Kogi a 1989, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa 'yar Yukren. Ya yi ƙuruciya a Yukren, sannan iyalin suka koma Toronto, inda ya koyi hoki. A 2005, yana ɗan shekara 16, ya shiga ƙungiyar Windsor ta OHL. A wata tafiya, manyan 'yan wasa suka umarci sababbi su tuɓe kaya a cusa su cikin ɗan matsattsen bayin mota, wai al'adar maraba da baƙi ce. Aliu ya ƙi. Bayan haka, a wurin atisaye, wani babban ɗan ƙungiyar ya buge shi da sanda a baki har ya zubar masa da haƙora. Maganar ta fito fili, an hukunta ƙungiyar, an kuma tsaurara dokar hana irin wannan cin zali, amma Aliu ma ya bar garin, kuma ya daɗe yana cewa tambarin "mai taurin kai" da aka liƙa masa ya bi shi har girma. An zaɓe shi a NHL a 2007, ya buga wasa 7 kacal. A 2020 yana cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiya ta yaƙi da wariyar launin fata a hoki.

Ba kowa ne ya sha irin wannan ba. Jarome Iginla, wanda shi ma mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya bar yankin Edmonton yana ɗan 16 ya tafi Kamloops, ya ci kofin Memorial sau biyu a 1994 da 1995, ya zama kyaftin ɗin Calgary na shekaru masu yawa, ya zura ƙwallo 625 a NHL, ya kuma ci zinare biyu na Olamfik wa Kanada. Shekaru ɗaya suka bar gida, gasa iri ɗaya suka shiga. Abin da kowannensu ya tarar a ɗakin canza kaya ya bambanta, kuma wannan ba a rubuta shi a takardar kwantiragi. Shi ya sa iyaye masu wayo ke neman yaran da suka taɓa zama a ƙungiyar su tambaye su, ba su tsaya ga abin da manaja ya faɗa ba.

'Yan mata, a nasu ɓangaren, ba su da gasa irin CHL. Hanyarsu daga hokin 'yan ƙasa da 18 ko makarantar kwana take wucewa zuwa jami'a, kuma sai a Janairun 2024 aka fara babbar gasarsu ta ƙwararru, PWHL.

Saura batun karatu, wanda shekara da shekaru shi ne ƙashin bayan wannan shawara. Jami'o'in Amurka na ba gwanayen 'yan hoki gurbin karatu kyauta, su yi digiri suna buga wa makaranta wasa. Amma hukumar wasannin jami'o'in, NCAA, ta daɗe tana ɗaukar CHL a matsayin gasar ƙwararru masu karɓar kuɗi. Saboda haka yaron da ya buga wasa a CHL ya rufe wa kansa ƙofar hokin jami'a a Amurka. Ku duba nauyin abin: ɗan shekara 16 ne zai yanke hukuncin da ya shafi digirinsa. Dalilin da ya sa irin su Makar suka kauce wa CHL ke nan, suka bi ƙananan gasanni ko USHL. Ita CHL ta yi nata tanadin, inda take biyan kuɗin karatun shekara ɗaya a jami'a ko kwaleji a kan kowace kaka da ɗan wasa ya buga, amma da sharuɗɗa, ciki har da cewa wanda ya sa hannu a babban kwantiragin ƙwararru ya rasa tallafin.

A Nuwamban 2024 NCAA ta soke waccan doka, kuma daga Agustan 2025 'yan CHL na iya shiga hokin jami'a. Nan take aka ga tasirinta. Gavin McKenna, ɗan garin Whitehorse da ke can arewacin Kanada, wanda ya yi fice a ƙungiyar Medicine Hat ta WHL, ya tattara ya koma Jami'ar Penn State a 2025 yana ɗan shekara 17. Ga yaro mai hazaƙa irinsa, sauƙi ne ya samu, domin yanzu zai iya ɗanɗana duka biyun. Ga matsakaicin ɗan wasa kuwa, lissafin ya ƙara tsauri. Guraben jami'a da a da aka bar wa yaran ƙananan gasanni, yanzu taurarin CHL ma na nemansu, kuma yawan guraben bai ƙaru da yawan masu nema ba.